Fitila ta Tara a Akwatin Ticha

Bari in faɗi laifina da bakina tun kafin wani ya riga ni. Ni na juya wutar. Janareta bai yi tari ba, ɓera bai ci waya ba. An ba ni aikin da ko turmi aka kafa a wurin zai iya, wato in zauna minti ashirin kada in taɓa komai, ni da furfurata na kasa.

Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma na ukun yawancinsa a kan katangar makaranta na yi shi. Na yi dako a tashar jirgin ƙasa, na yi facin keke, na yi gadi, daga ƙarshe Allah ya ajiye ni a gindin janareta a wani benen shaguna a Sabon Gari. Kullum da safe in hawo kekena daga Kwaciri, in buɗe get, in duba mai da ruwa, in tayar da injin. Mai benen wani Alhaji ne da kakanninsa suka zo daga Borno tun da daɗewa. Mutumin kirki ne, amma in ya ji injin na ruri alhali an kawo wuta, sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ranar da ya ɗauke ni aiki ya nuna mini wani jan ƙwan lantarki a bango, da wani hannun ƙarfe a ƙasansa.

"Da zarar ƙwan nan ya kama, an kawo wuta ke nan. Ka ja hannun nan ƙasa, ka kashe injin. Ko loma ce ta kai bakinka, ajiye ta."

Na yi shekaru ina ajiye loma. Har ta kai ba ni nake jan ƙarfen ba, hannuna ne yake ja, ni sai daga baya nake samun labari. Duk mai kula da janareta a garin nan ya san wannan ciwo.

A ƙarƙashin matakalar benen akwai wani ɗan ɗaki da bai fi makewayi girma ba. A ciki an kafe wani akwatin ƙarfe a bango, siriri mai faɗi kamar tiren burodi, wayoyi shuɗɗa sun fito daga gabansa a jere kamar kitso. Kowace waya shago ɗaya take zuwa, kuma a kan kowace akwai 'yar fitila koriya. Wanda ya kafa shi muna kiransa Ticha, don ya koyar a wata makaranta a ƙauyensu wajen Zariya kafin ya dawo Kano ya kama harkar kwamfuta. Kirista ne, Hausarsa ta fi tawa tsafta, kuma kullum da goro a aljihunsa saboda ni, shi ba ya ci. Na taɓa tambayarsa amfanin akwatin.

"Sunansa suwic," in ji shi. "Kai da ka zauna a tasha, ka san mutumin da ke juya layin dogo, wannan jirgi ya bi nan, wancan ya bi can? To shi ne wannan, sai dai shi saƙo yake juyawa."

Tun daga ranar na ɗauki akwatin abokin aiki. In na tayar da injin sai in je in tsaya in ga ya farka. Fitilun su kama gaba ɗaya, su mutu, sannan su riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya yadda masu shaguna ke isowa. Ta uku ta Hajiya mai hoton takardu ce. Ta bakwai ta wani Ibo mai kayan waya. Ta tara ta Ticha, shagonsa na sama a ƙarshen baranda, ƙofarsa na kallon gabas.

Ticha ya rufe shago wata Juma'a da yamma, ya ce mini sai gobe, bai kai goben ba. Aka kai shi ƙauye aka binne. Matarsa ta zo sau ɗaya, ta ƙara kwado a kan nasa kwadon, ta jefa makullan a jaka. Alhaji bai taɓa ta da maganar shagon ba, wannan kam na shaide shi.

Bayan kwana biyu na tayar da injin, na je gaban akwatin. Babu mai shagon da ya iso, get ma ban gama buɗewa ba. Fitilu suka kama, suka mutu. Sai ta tara ta dawo ita kaɗai, koriya shar, tana ƙiftawa.

Da mai hankali ne da ya tambayi masu ilimi. Ni kuwa sai na ga na sami abin wasa. Na kira Hajiya mai hoton takardu, na ce ta zo ta ga Ticha ya riga ta fitowa aiki. Ta leƙa, ta yi salati, ta bar takalmi ɗaya a wurin. Mai kayan waya ya ce ƙarya nake, ya hau sama ya jijjiga kwadon, ya sauko ya sake duban fitilar, daga ranar ya daina bin wannan matakala, sai ya zagaya ta baya. Na yi wata guda ina cin dariya.

Abin ya juyo kaina ne da na fara lura. Yawancin yini fitilar a hankali take ƙiftawa, kamar numfashin mai barci. Amma da safe, da kuma wani lokaci bayan azahar, sai ta kama rawa da sauri, irin yadda ta Hajiya ke yi in aiki ya yi mata yawa. Ta yi minti biyar ko goma a haka, ta koma barci. Wa ke aiki a shagon da ke da kwado biyu? Na daina kiran mutane. Na ce a raina, in ma yana ciki, ai ba mu rabu da faɗa ba. Sai na ɗauki wata al'ada: in akwatin ya farka, in hau sama ni kaɗai kafin kowa ya zo, in tsaya a ƙofarsa in ce, "Ticha, an tashi lafiya? Injin ya tashi." In ɗan jira yadda ake jiran amsa, in sauko. Shekara biyu ina haka, ban gaya wa kowa ba, ko uwargida.

Sai akwatin ya fara tsufa. Ana tsakiyar ciniki sai ya sandare, fitilu duk su tsaya cak, na'urorin cirar kuɗi su ƙi tafiya, sai an kashe shi an kunna. Masu shaguna suka taru a kan Alhaji. Alhaji ya ce a cire shi a jefar, a kawo sabo. Ban san wa ya kai labari Kaduna ba, sai ga 'yar Ticha ta zo. Babbar mace ce, da aurenta da 'ya'yanta, aikin ubanta ta gada har ta wuce shi. Ta roƙi Alhaji ya ba ta rana ɗaya. Ta ce ƙarfen lafiyarsa ƙalau, karatun da ke kansa ne ya tsufa, za ta zuba masa sabo. In ya ƙi, a jefar. Aka sa ranar Lahadi, don ranar babu mai buɗe shago.

Wanda bai ga Sabon Gari da hantsin Lahadi ba bai san unguwar ba. Titin da kullum sai ka yi kafaɗa da mutane, ranar ledoji ne kawai ke yawo a kai. Daga nesa waƙar coci na tasowa, iska ta kawo ta, ta mayar. A cikin benen kuwa ƙofofin ƙarfe ne a jere a rufe, in ka yi tari sai ya dawo maka daga sama. Ta iso wajen sha ɗaya da kayan cocinta, jaka a kafaɗa.

"Baba, ina kwana? An ce ku ne sarkin wuta a nan."

"Sarkin hayaƙi dai, Injiniya. Ina wuta a garin nan?"

Wuta kam babu tun daren jiya. Na tayar da injin, muka shiga ɗan ɗakin, ta zauna a kan bokitin fenti ta buɗe kwamfutarta a cinya. Akwatin ya farka. Duk jeren duhu, sai ta tara. Na saci kallonta in ga ko za ta firgita. Murmushi ta yi, irin wanda ake yi wa ɗan'uwa a tasha.

"Injiniya," na ce, "fitilar nan fa..."

"Zo ku gani, Baba."

Ta juyo mini kwamfutar. Hoto ne toka-toka, babu launi, kamar an ɗauka a cikin hazo. Na ɗan jima kafin na gane. Teburin Ticha ne. Ga kujerarsa an ɗan ture ta baya yadda mutum ke yi in zai tashi. Ga tabaransa a kan wani littafi a buɗe, ga kofin shayinsa da cokali a ciki, ga rigar sanyinsa a rataye a ƙusa, kafaɗunta sun riƙe siffar mai ita.

Ta ce wata tsohuwar kyamara ce babanta ya kafa a saman kantar kaya saboda ɓarayi, kuma ta cikin wayar nan ta tara take shan wuta, ta nan take aiko hoto. In akwatin ya farka, ita ma ta farka. Ita kuma Injiniya daga Kaduna take shigowa ta intanet ta duba, da safe kafin ta fita, wani lokaci da rana in aiki ya yi sauƙi.

"Ashe ke ce mai sa fitilar rawa!"

"Ni ce. Mama ba ta sani ba. Ta ce ranar da aka buɗe shagon nan, ranar ya mutu da gaske. Ni kuma nan kaɗai ya rage mini da zan gan shi kamar ya fita sayen kati ne zai dawo. Shi ya sa ba na so a jefar da akwatin. Sababbin ba sa jin yaren kyamarar nan."

Sai ta sa yatsa a ƙasan hoton, inda wani siririn haske ya kwanta. Ƙarƙashin ƙofa ne.

"Nan kuma, kullum da safe sai in ga inuwar ƙafafu sun zo sun tsaya, su jima, su tafi. Farkon gani na kwana uku ban duba ba."

Na sunkuyar da kai na ce ni ne, gaisuwa nake zuwa yi. Ta dube ni, na dube ta, muka fashe da dariya har ta share ido da gefen ɗankwali. Shekara biyu ina tsoronta, tana tsorona. Ta buɗe baki za ta tambaye ni wani abu, sai kwamfutar ta yi 'yar ƙara, ta mayar da hankali can.

Ta yi mini bayani yadda ake yi wa mai aji uku. Karatun akwatin kashi biyu ne. Akwai ƙarami, butloda, shi ne mai tashin sa daga barci ya nuna masa inda ƙafarsa take. Akwai babba, famwaya, shi ne sanin aikin gaba ɗaya. Za ta fara sauya ƙaramin, sannan babban. Tsohon babban kuma ba za ta goge shi ba, zai zauna a gefe a cikin ma'ajiyar akwatin, don in sabon ya ƙi kyamarar, ta san dabarar da za ta yi ta koma kansa. A wurin akwatin kaɗai ya rage, masu ƙera shi sun daina ba da shi tuntuni.

"Abu ɗaya nake roƙo, Baba. Minti ashirin. Kada wuta ta ƙifta, ko ƙiftawar ido. In ta yanke yana tsakiyar rubutu, zai farka bai san ko shi wane ne ba. Akwai mai a injin?"

"Har wuya."

"To kada ku taɓa komai."

"Injiniya, ni da na yi shekaru ina aikin nan? Je ki yi rubutunki."

Na koma bayan bene gindin injin, na zauna a bencina, na harɗe hannuwa a ƙirji don ma kada su yi wani abu. Rana ta take. Wani ƙadangare ya hau katanga yana yi mini kallon raini. Waƙar cocin ta tsaya, sai rurin injin kawai, shi ma in ka saba da shi shiru ne. Ina ta tunanin rigar sanyin nan a ƙusa, da yadda kujerar ta juya kamar yanzu aka tashi daga kanta. Ina tunanin ko Ticha yana jin gaisuwata, ko kuwa 'yarsa ce kawai ke ganin silifas ɗina.

Jan ƙwan ya kama.

Wallahi ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na ji ƙarar ƙarfe, ƙwas, na duba, sai ga hannuna a kan mariƙin, ya riga ya kai shi ƙasa. Ɗayan hannun har ya kashe injin. Tsakanin sama da ƙasan wannan mariƙi akwai wani ɗan duhu da bai kai ƙirga biyu ba. Shekaru ina ratsa shi sau biyar sau shida a yini, ban taɓa sanin yana da faɗi ba sai ranar.

Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Babu injin, babu waƙa, babu mota. Na jira ta ƙwala mini kira. Ba ta kira ba. Na taka zuwa ɗan ɗakin. Tana zaune yadda na bar ta, hannuwanta a sama da kwamfutar ba su taɓa ta ba. Fankar cikin akwatin na juyawa da ƙarfi kamar mai haki. Jeren fitilu duk duhu, sai wata guda a gefe, ruwan goro, ba ta ƙiftawa, tana kallonmu.

"Injin ne ya yi tari," na ce.

Ba ta juyo ba. "Na ji ƙarar ƙarfen, Baba."

"Hannun ne, 'yata. Ba ni ba ne."

"Na sani. Babana ya sha ba ni labarin hannun nan. Ni ya kamata in ce ku zauna a nan kusa da ni."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ciro wata siririyar waya daga jaka, ta soka a wata 'yar kafa a gefen akwatin, ta danna, ta jira. Baƙin allo. Ta sake dannawa. Can sai wasu 'yan haruffa suka fito a kusurwa, da wani ɗan layi yana ƙiftawa. Ta sauke numfashi. Ta ce ƙaramin ya riga ya gama shiga kafin in yi aikina, don haka akwatin ya san ya farka, amma bai san komai ba bayan wannan. Babban ne aka yanke a tsakiya, kuma yankewar ta hargitsa ma'ajiyar gaba ɗaya. Ba zai karɓi komai ba sai an share ta tas.

"Har da tsohon?"

"Har da shi."

Ta daɗe tana duban allon. Ta gwada wata hanya, ta gwada wata. Ta kira wani abokin aikinta a waya suka yi Turanci mai tsawo. Daga ƙarshe ta rubuta kalma ɗaya, akwatin ya tambaye ta ko ta tabbata, yatsanta ya tsaya a sama kamar minti guda. Gobe Litinin, shaguna ashirin da wani abu na jiran akwatin nan. Ta danna.

Ta siririyar wayar nan karatun yake shiga ɗigo-ɗigo, kamar ana ba marar lafiya koko da cokali. Ta ce in mayar da mu kan injin tukuna, in kuma cire jan ƙwan daga bango. Na cire shi na sa a aljihu, da zafinsa. Na yi azahar a baranda, na dawo na tsuguna a bakin ƙofa. Awa uku muna nan a haka. Sau ɗaya na ji kamar an ja kujera a sama. Na dube ta, ita ma ta ɗaga kai, sai ta ce ƙila kwanon rufi ne rana ta dake shi. Na ce ƙwarai, kwano ne.

Dab da la'asar akwatin ya yi shiru, ya sake tashi. Fitilu suka kama gaba ɗaya, kore shar, suka mutu. Muka zuba wa ta tara ido. Na ƙirga har ɗari a zuci, iyakar inda lissafina yake tafiya ba tuntuɓe, na sake farawa. Ta zare wayar ta mayar. Ta sauya mata kafa. Ta yi rubutu, ta goge, ta sake. Ta bi sauran kafofin ɗaya bayan ɗaya da kwamfutarta, kowace ta amsa, lafiya lau, har sun fi da sauri. Fitila ta tara dai ba ta kama ba. Ta buɗe inda hoton yake fitowa, sai baƙin fili da wani ɗan zobe yana ta juyawa.

Ta rufe kwamfutar a hankali, ta naɗe wayoyinta ɗaya-ɗaya. Ta hau sama ita kaɗai. Ban bi ta ba, amma daga ƙasa ina hango ta tsaye a ƙofar, tafin hannunta a kan ƙarfen.

Akwatin yana nan har yau, bai ƙara sandarewa ba. Alhaji ya yaba, Hajiya ta ce 'yar Ticha ta fi ubanta. Ta dawo sau biyu da wasu 'yan na'urori ta gwada, kyamarar ba ta farka ba. Kwado biyu na nan a ƙofar. Jan ƙwan na mayar da shi, hannuna kuma bai tuba ba. Gaisuwa ma ban daina ba, kullum da safe ina hawa, ni kaɗai kamar yadda na saba tun farko, kafin kowa ya shigo get. Sai dai yanzu ba na jiran amsa, kuma idona a kan kwadon yake, ba na duban ƙasa, ba na duban gefena.

Dalili kuwa, a ranar Lahadin nan, da na rako ta bakin get tana jiran adaidaita sahu, na ce ta yafe mini. Ta ce babu komai, ta gyara jakarta. Har ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ta juyo.

"Af, Baba, ɗazu na so in tambaye ku. Wai wa ke rako ku gaisuwar nan kullum? Ƙafa huɗu nake gani a ƙarƙashin ƙofar."